Miami, Orlando ko Tampa: ina ya fi ma mai iyali a Florida?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ina nan Damagaram, ƙanena ne ke Bronx shekara 6 kenan, sanyin New York ya ishe shi, duk shekara sai ciwon ƙirji ga haya na cinye mishi komi. Yanzu ya ce Florida zai koma da matarshi da yara biyu, wai Miami yake so saboda bakin teku. Tuƙi yake yi. Inna ta ce in ba shi shawara tunda ni ne babba, ni ko ko Yamai ban cika zuwa ba. Don Allah wanda ya san wajen ya taimaka.

Direban Kissimmee:
Wa alaikumus salam Yaya. Miami kam ya yi tunani sosai, hayar can ba ta da nisa da abin da yake gudu, sannan in ba ka jin Sifaniyanci akwai kwartiye da za ka shiga ka ji kamar ba Amurka kake ba, mutanen Kuba da sauran Latin ne suka fi yawa. Faransancinmu sai dai wajen ƴan Haiti a Little Haiti zai ɗan yi mishi amfani. Ni ina gefen Orlando, nan mai tuƙi ba ya rasa fasinja don wuraren shaƙatawa na Disney da Universal baƙi ba sa yankewa, daga filin jirgi zuwa otal kullum. Amma fa ya sani Orlando ba teku, sai ka yi wajen awa guda a mota kafin Cocoa Beach, kuma hanyar I-4 cunkoso ne safe da yamma. In yana son ganin Miami ai ga jirgin ƙasa na Brightline tun 2023, ya je ya wuni ya dawo.

Maman biyu:
Ni dai tunda akwai yara Tampa zan ce, musamman gefen Temple Terrace kusa da jami'ar USF. Masallatai na nan, makarantar Islamiyya na nan, shagunan naman halal ba sai kin sha wuya ba, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace baƙuwa da mijinta ke fita tun asuba, ta samu wanda za ta gaisa da shi ranar Juma'a. Teku kuma ga Clearwater da St. Petersburg, ƙetare gada kawai. Abin da zan ja kunnenshi a kai shi ne guguwa, daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. A 2024 Helene da Milton sun zo mana a jere, mun yi kwana da kwanaki ba kuran, wato wutar lantarki, gidajen bakin ruwa suka cika. Kar ya kama gida sai ya tambayi wane yankin kwashe mutane lokacin guguwa gidan yake ciki. Kuma matarshi ta kula da yara bakin tafki, akwai kada.

Ɗan Zengo:
Kowa ya manta Jacksonville. Ita ce ta fi yawan jama'a a jihar, can arewa, akwai tashar jiragen ruwa da aikin ɗaukar kaya in yana da permin babbar mota, haya ta fi sauƙi. Sai dai gari ne mai faɗin gaske, ba mota ba rayuwa. Jihar ba ta karɓar harajin albashi amma asirans ɗin mota zai ji a jikinshi.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Zafin fa? Shi yana cewa wanda ya sha watan Afrilu a Zinder ba abin da zai ba shi tsoro.

Maman biyu:
Ba iri ɗaya ba ne Yaya. Namu busasshe ne ka shiga inuwa ka sha iska, na nan gumi ne ke manne maka har cikin dare, damina kusan kullum da la'asar sai hadari da tsawa. Ya sa kuɗin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, cikin lissafi tun yanzu, kuma ya fara zuwa shi kaɗai ya yi ko sati biyu kafin ya kwaso iyali.