Mako shida ya rage, har yanzu muna gardamar launi

Ɗalibar_Kwamfuta: Salama, 'yan uwa. Mu huɗu aka haɗa a aikin kammala karatu, manhajar yanar gizo ta aron littattafai a ɗakin karatu. Ɗayanmu ya shafe mako biyu a Figma, manhajar zana fasalin shafuka, yana sauya shuɗin maɓalli, wani kuma tuni ya fara rubuta kod da React, kayan aikin gina shafukan yanar gizo, bai gaya wa kowa ba. Ni dai kaina ya ɗaure. Ta ina ake kama bakin zaren?

Tsohon_Hannu: Ƙanwata, ku ajiye kwamfutar tukuna. Ku ɗauki takarda da biro ku zana shafi uku kacal: neman littafi, aro, mayarwa. Sai ku miƙa wa wanda bai san aikin ba, ku ce ya ari littafi, ku kuma ku yi shiru. Duk inda yatsansa ya tsaya yana lalube, nan gyaran yake. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe yana cewa mutum biyar sun isa su tono yawancin matsalolin. Launi kuwa aikin yini ɗaya ne.

Mai_Rumbu: Ku fara tsara rumbun bayanai. Mu mun manta cewa littafi ɗaya yana iya samun kwafi da yawa, sai da muka rushe tebur biyu ana saura kwana tara. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai, ya ishe ku gwaji.

Ɗalibar_Kwamfuta: Kash, kwafin nan mu ma ba mu tuna da shi ba!

Tsohon_Hannu: Mai React ɗin kuma ya ɗora aikinsa a GitHub, shafin ajiye kod, yau, kowa ya buɗe reshensa, wato nasa kwafin kod ɗin da zai yi aiki a kai.