Wai mu da muka ƙi allurar korona ne muka yi gaskiya?

Kawu: Salamu alaikum 'yan gida. To ga ta nan fa, kamfanin AstraZeneca da kansu sun janye allurarsu ta korona a 2024, kuma sun amsa a gaban kotu a Ingila cewa tana iya daskarar da jini. Lokacin da na ce kar kowa ya miƙa hannunsa har cewa aka yi Kawu ya ƙi wayewa. Yanzu wa ya yi gaskiya? Cutar ma ai ta masu hawa jirgi ce, ina ruwanta da talaka.

Ɗan Auta: Kawu ina wuni. Ni dai an ce duk wanda ya yi ba zai wuce shekara biyu ba, na yi tawa tun 2021 kuma jiya ma malmala uku na tashi da ita 😂

Anti Nas: Kawu barka da yamma, a yi min haƙuri zan ɗan yi tsawo. Maganar daskarewar jini gaskiya ce amma ba wani asiri aka bankaɗo ba, tun Afrilun 2021 hukumar magunguna ta Turai ta sanar da ita, kuma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, sai a yi wa dubun dubatar mutane kafin a samu ɗaya. Janyewar kuma sun ce saboda an fito da sababbin allurai da suka dace da sababbin nau'in cutar, tasu ta daina tafiya. Amma inda ya tsaya min a rai shi ne wai ta masu jirgi ce. Kawu ina bakin aiki a Afrilun 2020 fa. Na tuna wani dattijo mai sayar da goro da aka kawo da daddare, yana zaune yana mana magana ras amma abin auna iskar da muka maƙala masa a yatsa yana ta yin ƙasa, 'ya'yansa na cewa maleriya ce kawai a saka masa ruwa, ni kuma takunkumin fuskata kwana uku ina maimaita shi. Kafin asuba ya cika. Wannan bawan Allah ko tashar jirgi ban jin ya taɓa takawa.

Kawu: Allah Ya jiƙansa. Amma 'yata lokacin zafi ne ga azumi ya shigo, asibitocin kuɗi da yawa sun rufe, masu hawan jini da ciwon suga ba su da inda za su je. Kulle ne ya kashe mutane.

Anti Nas: Akwai wannan ma, ban musa ba. Sai dai ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire da bakinsa ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Masu haƙa kabari ne ma suka fara kokawa kafin gwamnati ta ce uffan.

Hajiya Babba: Ku yara ku daina ganin kamar jahilci ne ya sa mutane gudu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya tsorata. 1996 da aka yi sanƙarau muna nan Pfizer suka zo suka yi gwajin maganinsu Trovan da yara wajen 200, wajen rabinsu ne aka ba shi, 11 cikin yaran gwajin suka mutu, wasu suka nakasa, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sannan ka je asibiti da zazzaɓi ko farasitamol sai ka saya, amma allura har ƙofar ɗaki kyauta ana lallashinka. Dole mutum ya yi tambaya mana. Ga taliyar tallafi an ɓoye a sito sai da matasa suka fasa.

Anti Nas: Hajiya wallahi wannan ba ni da ta cewa, an cuce mu. Har allurai sama da miliyan ɗaya aka lalata a Abuja a Disambar 2021 don an kawo mana su dab da lalacewa. Amma ki tuna 2003 da aka dakatar da ta shan inna wai tana hana haihuwa, sai 2004 aka dawo da wadda aka sayo daga Indonesiya, a tsakanin nan yara nawa suka shanye? Waɗanda aka ɗiga wa kuma yau su ne muke zuwa sunan 'ya'yansu.

Malam: Ni gyara ɗaya zan yi wa masu cewa kariya rashin tawakkali ce. Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, ya juya da mutanensa, da aka ce gudun ƙaddara kake ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Batun wace allura ce mai kyau kuma na bar wa masu abin.

Ɗan Auta: Kawu da girmanka, tambaya ɗaya. Ba 2022 ka sauke farali ba? Shekarar nan Saudiyya ba ta karɓar alhajin da bai yi rigakafin korona ba fa 👀

Kawu: Kai ka fiye baki. Wannan larura ce, kuma ba ta AstraZeneca aka yi min ba.

Ɗan Auta: Ashe dai an miƙa hannun 😂😂

Kawu: Na miƙa don Ɗakin Allah, ban miƙa don Bature ba. Kuma kwana biyu na yi hannun kamar an ɗora min dutse.

Hajiya Babba: Ku bar shi haka. Ke Nas, jikata ta wajen auta watanta biyu, da wannan mashaƙo da ya addabi Kano a 2023 hankalina bai kwanta ba, yaushe ake mata tata?

Anti Nas: Tana cikin allurar rigakafin jarirai da ake kira Penta Hajiya, sati 6 da sati 10 da sati 14. In ba a fara ba a kawo ta gobe da katinta, kar a bari sai rana ta take layi yake yi.

Kawu: An kira magariba. Amma maganar kullen nan ban gama ba, zan dawo kanta.