Eriyar FLARM ba ta ganin jirgin da ke ƙasa da ni, ina zan kafa ta biyu?

Assalamu alaikum. Ina tuƙa jirgin sama mara inji a kudancin Jamus, kuma wata biyu ke nan ina fama da eriyar na'urar kauce wa karo. PowerFLARM ce, wato nau'in na'urar FLARM da ke gargaɗi idan wani jirgi ya matso kusa, mai aiki a kan mitar rediyo ta 868 MHz. Na'urar lafiyarta ƙalau, an gwada ta a wani jirgin.

Gangar jikin jirgina ta kabon ce, kuma kabon yana tare sigina. Eriyar tana tsaye a saman allon na'urori. Da na saka fayil ɗin IGC (rikodin tafiyar jirgi) a manhajar auna nisan da sigina ke kaiwa, gaba ya kai kilomita 6, amma ƙasa da baya ko kilomita ɗaya bai cika ba. Ranar Asabar muna kewayawa cikin iska mai hawa, wani jirgi ya zo ta ƙarƙashina. Sai da na ga farin fiffikensa da idona sannan ƙararrawa ta buga. Gabana ya faɗi sosai.

Na miƙe eriyar tsaye cak, na nisanta ta da ta GPS, na canza waya da mahaɗinta. Babu canji. Na saka eriya ta biyu a bayan kujera, abin ya ɗan gyaru ta gefe, ƙasa kuwa shiru, ga doguwar waya tana cin ƙarfin siginar. Huda cikin jirgi kuma sai da izinin injiniya.

Don Allah, wanda ya taɓa yi a jirgin kabon, a ina ya kafa eriya ta biyu har ta ga ƙasa da baya ba tare da huda ba?