Tallan ƙirƙirarriyar basira a iPhone 16: me ke aiki, me ake jira har yanzu?

Maman Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Masu shagunan waya a Wuse 2 suna ta tallan iPhone 16 da cewa tana da ƙirƙirarriyar basira, wai Siri, mataimakin da ake yi wa magana a cikin wayar, zai duba saƙonninka da imel ya amsa maka duk abin da ka tambaya game da harkokinka. Wasu kuma sun ce sun saya ba su ga komai ba. Wane ne mai gaskiya? Kuma ta yaya mutum zai gwada kafin ya biya kuɗi?

Injiniya Kubwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Masu cewa ba su gani ba suna da gaskiya a kan wannan ɓangaren na Siri. Apple ta sanar da Apple Intelligence, wato tsarinta na ƙirƙirarriyar basira, a watan Yuni 2024, iPhone 16 ta shiga kasuwa a Satumba, amma ranar da ta fito babu ko ɗaya daga cikin abubuwan a cikinta. Sai ƙarshen Oktoba sabuntawar tsarin wayar, wato iOS 18.1, ya kawo gyaran rubutu, taƙaita sanarwa, da goge abin da ba a so a hoto. A Disamba iOS 18.2 ya ƙara Genmoji (ƙirƙirar emoji naka na kanka) da haɗin ChatGPT.

Abin da masu shago suke kururutawa shi ne bai zo tare da waɗannan ba: Siri mai sanin harkokinka, mai ganin abin da ke kan fuskar waya, mai shiga manhajoji ya yi maka aiki. An yi masa talla a Satumba 2024, inda aka nuna ana tambayar Siri sunan wani mutum da aka haɗu da shi watanni baya, ya kuma faɗa nan take. A Maris 2025 kamfanin da kansa ya ce aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya zata, ya ɗage shi, ya cire tallan daga YouTube. A watan ne aka kai shi ƙara a kotun tarayya da ke San Jose a Kalifoniya bisa zargin tallan yaudara, a Afrilu kuma hukumar da masu talla a Amurka suka kafa don sa ido a kan junansu ta ba shi shawarar daina rubuta cewa abubuwan suna nan yanzu. Ko iOS 26 da ya fito a Satumba 2025 babu shi a ciki. Abin da ya fi ɓata min rai, tallan da aka janye can har yau yana yawo a WhatsApp, ana nuna wa mai saye a matsayin hujja.

Baban Khalil:

Injiniya ya gama da tarihi, bari in kawo na kan teburin shago. Hajiya, kar ki biya sai an kunna wayar a gabanki.

Ki shiga Settings. In wayar tana ɗaukar tsarin za ki ga Apple Intelligence & Siri; in Siri kaɗai aka rubuta, magana ta ƙare. Daga iPhone 15 Pro zuwa sama ne suke ɗauka, saboda ana bukatar RAM mai giga 8. iPhone 15 gama-gari giga 6 gare ta, don haka duk wanda ya ce miki sabuntawa za ta kawo mata daga baya, ba gaskiya ya faɗa ba.

Sai ki je General, About, ki karanta Model Number. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Wadda lambarta ta ƙare da CH/A ta kasuwar cikin China ce, kuma Apple ta rubuta cewa tsarin ba ya aiki a wayoyin da aka saya a can. Irin waɗannan suna da farin jini a wurinmu saboda suna cin sim biyu. In sim biyun ne damuwarki, ki nemi ZA/A ta Hong Kong. Ta Amurka, LL/A, tana aiki, sai dai tun daga iPhone 14 ba ta da gurbin sim, eSIM kawai, wato sim marar kati. Ki duba Model Name ma a wurin, don akwai tsoffin wayoyi irin XR da ake sauya wa jiki su yi kama da sababbi.

Ko wayar ta cancanta, abu uku kan hana shi tashi. Sai da sarari kimanin giga 7. Sai an sauke kayan aikin ta Wi-Fi, kuma yakan ɗauki lokaci. Sannan harshen waya da na Siri dole su zama ɗaya, cikin waɗanda aka amince da su. Ki sa duka biyun a Turancin Ingila ko na Amurka. Hausa ba ta cikin jerin, don haka kar ki sa ran zai gyara miki wasiƙar Hausa. Gwaji mafi sauri: ki ɗauki hoto a shagon, ki danna Edit, ki nemi Clean Up, ki shafa yatsa a kan wani abu ki ga ko zai ɓace.

Yaya Asabe:

Ƙari kaɗan kan Android, tunda nan ma ana wannan wasan. Manhajar Gemini da ta ChatGPT ana sauke su a kusan kowace waya ta zamani, don haka ganin su a waya ba dalilin ƙarin kuɗi ba ne. Lokacin da Samsung ta fitar da S24 a Janairu 2024, a ƙasan tallan da ƙananan haruffa aka rubuta cewa Galaxy AI kyauta ne zuwa ƙarshen 2025. Irin wannan layin ake fara karantawa. A saitin Galaxy AI akwai maɓallin da ke tsare sarrafa bayanai a cikin wayar kaɗai. Ki kunna shi ki sake gwadawa: duk abin da ya daina aiki, ki san data zai riƙa ci.

Kuma abin da ya iso ma ba lallai ya yi kyau ba. Bayan BBC ta yi ƙorafi cewa taƙaitawar Apple ta jingina mata kanun labari na ƙarya, kamfanin ya dakatar da taƙaita sanarwar labarai a Janairu 2025.

Injiniya Kubwa:

Haka ne Yaya. Hajiya, ki sa a rubuta miki a rasit samfurin wayar, lambar IMEI (lambar shaidar wayar), da abin da aka ce tana yi, ki kuma adana hoton tallan shagon. Dokar kare masu saye ta 2018 ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya, kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC mai hedikwata a nan Abuja tana karɓar koke. Batun talla kuwa na ARCON ne, hukumar da ke kula da tallace-tallace a Najeriya. Alƙawarin baki yana da wuyar tabbatarwa, shi ya sa mai shagon da ya ƙi rubutawa gara ki wuce na gaba.