Ina neman shawara: in sayi Golf in shiga tasi a Abuja?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan acaɓa ne a Kano har aka hana a 2013, na koma adaidaita sahu ta balas, kullum sai na kai wa mai ita kuɗinsa kafin in ci. Yanzu ina Mararaba wajen yayana. Mun sayar da gonar gado, rabona yana hannuna, kuma bacci ya gagare ni. Akwai wata Golf 3 da wani bakanike ya nuna min, ina so in yi mata koren fenti in riƙa ɗaukar Nyanya zuwa Berger. Amma maiɗakina ta ƙi, wai mutane kallon 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke yi wa fasinja fashi a cikin mota, suke yi wa duk mai tasi a Abuja, har surukina ya kira ni a kan maganar. Don Allah ya zan yi?

Alhaji Direba: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka saurare ni da kyau. Kar ka taɓa Golf 3. Motar da aka daina ƙerawa tun kafin 2000, me ya rage a jikinta? Ka nemi Corolla mai sanyi ka yi rajista da manhajar Bolt ko Uber. Fasinjan Maitama da Wuse 2 ba zai shiga koriyar mota ba ko kyauta ce.

Maman Ilham: Ni dai ku masu tasi ku ji tsoron Allah. Huɗu a baya, biyu a gaba, ƙofa sai an sa hannu ta waje an buɗe. Ranar nan mayafina ya maƙale a ƙarfen kujera ya yage, direban ko sannu bai ce min ba. Matarka tana da gaskiya, ni in na ga maza zalla a mota bayan magariba ba na shiga.

Ɗan Zuba: Alhaji, manhajar nan ba kamar da ba ce. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 na ajiye. Kamfani ya zare kasonsa, fasinja ya ce kunna sanyi, ka tashi da kuɗin mai kawai. Gara ya sayi Golf ɗin ya sa mata tukunyar gas.

Baban Khalifa: Na gode Alhaji, amma kuɗina ba zai kai Corolla ba. Kuma Golf ɗin nan na ji ƙarar injinta da kunnena, lafiya lau. Kayan gyaranta ma ga su nan a Apo. Hajiya, ai masu wan-cans yawanci da mota marar fenti suke yi, shi ya sa nake son fenti da lamba a ƙofa.

Alhaji Direba: Ƙarar inji! An duba giya? An duba takardun kwastam? Tukunyar gas kuma ta cinye but, ina za a sa kayan fasinja, ga layin awa da awa? Ni na gaya maka, in kuɗin bai kai ba ka haƙura ka tara.

Maman Ilham: Wai nawa ne ma kuɗin? Kuma kana da lasin mota, ko na keke ne?

Baban Khalifa: Bakaniken ɗan garinmu ne, ba zai cuce ni ba. Ya ce in ban kai kafin alƙalami ranar Juma'a ba akwai mai so.

Ɗan Zuba: Wace tashar za ka shiga? Ka fara ganin 'yan ƙungiya tukuna.