Allurar wata ɗaya ko ta wata uku ga mai kansar mafitsara (prostate)?

Baban Zahra: Assalamu alaikum. Likita ya rubuta wa mahaifinmu Zoladex, allurar rage sinadarin mazantaka da ake yi wa masu wannan kansar, ya ce mu zaɓa tsakanin mai nauyin miligiram 3.6 da ake yi duk kwana 28, da mai 10.8 da ake yi duk mako 12. Daga ƙauyenmu zuwa asibiti tafiyar wuni ce, amma hankalina bai kwanta da a bar masa abu a jiki tsawon wata uku ba. Wa ya taɓa jinyar mai irin wannan?

Yaya Asabe: Ku haɗa masa da zogale da habbatus sauda, Allah Ya ba shi lafiya.

Ɗan Kurmi: Wato tsoho ma ashana za a sa masa, irin ta masu tazarar haihuwa?

Malam Mai Magani: Ba ɗaya ba ne. Ashanar hannu ba ta narkewa, sai an tsaga an ciro ta. Wannan kuwa ƙanƙanin abu ne kamar ƙwayar shinkafa da ake turawa ƙarƙashin fatar ciki, an yi shi da irin sinadarin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa, ruwan jiki yana cin sa sannu a hankali yana sakin maganin, har ya ƙare ba tare da an ciro komai ba.

Maman Khalil: Narkewar ba ita ce damuwata ba. Kawuna aka yi wa, babu wanda ya gaya mana cewa a makonnin farko maganin kan ɗaga sinadarin mazantaka kafin ya sauke shi, kuma ba a ba shi ƙwayoyin da ake haɗawa domin tare wannan ba. A dare na shida fitsari ya ƙi fita, muka kwana da shi yana dafe da mara yana salati, sai da asuba aka sa masa roba. Har yau ban yafe wannan sakaci ba.

Abu Sadik: Allah Ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Mu dai ta wata uku ta fi mana arha a kan uku na wata-wata.

Yaya Asabe: A ina? Mu da muka tambaya, kuɗinta ya zarce na ukun a haɗe.

Ɗan Kurmi: Malam Mai Magani, da girman kujerarka, kai likita ne ko mai shago?

Malam Mai Magani: Harhaɗa magani na karanta, kuma abin da na faɗa yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin.

Maman Khalil: Takardar ai cewa ta yi kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25. Ni da idona na ga shago a watan Afrilu, babu wuta tun safe, kwalayen suna jere a kanta ƙarƙashin rufin kwano, mai shagon yana fifita da kwalin wani maganin.

Abu Sadik: Mu kwananmu huɗu ke nan rabonmu da wuta, amma takardar kuɗin wata ta iso jiya.