Data da Information: duka "bayanai" za mu ci gaba da cewa?

1/ Masu fassara da 'yan kwamfuta, ku matso kusa. Bature na da kalma biyu, data da information, mu kuma mun zuba su a buhu ɗaya, "bayanai". A hira babu laifi. Amma ka zo bayyana amfanin kwamfuta ga kamfani, sai ka ga ka rubuta "tana mai da bayanai su zama bayanai". Wa zai gane?

2/ Aron kalmar data ba zai yiwu ba, an riga mu. Data a bakin Bahaushe ita ce wadda ake saya a waya, ta ƙare kana tsakiyar kallo. Ka ce wa sabon ma'aikaci ya sa data a kwamfuta, kuɗin zai tambaye ka.

3/ Ga inda bambancin yake. A babban kanti, kashiya ta haska lambar jikin kaya, na'ura ta rubuta layi guda: wane kaya, nawa, ƙarfe nawa, wane reshe. Kafin a tashi, irin layin nan sun kai dubbai, kuma manaja ba abin da zai tsinta a ciki. Sai an tattara su, an cire wanda aka shigar sau biyu, an jera, an lissafa, sannan magana ta fito: kaya kaza ya kusa ƙarewa a sito, a yi oda. Na farkon data, na biyun information. Aikin da ke tsakaninsu shi ya kai kwamfuta ofis tun 1951, lokacin da kamfanin J. Lyons na Ingila ya ɗora wa kwamfutarsa LEO lissafin gidajen burodinsa.

4/ Wasu sun kawo "alƙaluma". Ta yi daidai in lambobi ne. To sunan abokin ciniki fa, da adireshinsa, da hoton rasit? Duk data ne, kuma ba alƙaluma ba ne.

5/ Ni dai "ɗanyen bayani" na zaɓa, jam'i "ɗanyun bayanai". Kunnenmu ya riga ya saba da ɗanyen mai, kowa ya san sai ya bi ta matata kafin a zuba a mota. Information kuma a bar mata "bayani" kawai, data processing ya zama "sarrafa ɗanyun bayanai".

6/ Wani malamina ya ja ni, ya ce ɗanye na da mugun suna: ɗanyen aiki, ɗanyen hukunci. Allah ya gafarta Malam, haka ne, amma can aikin mutum ake kushewa. Nan kuwa abin da bai shiga hannu ba ake nufi. Kuma kalmar ta kama wani abu da alƙaluma ba ta kama ba: jimillar cinikin yau bayani ce ga manajan reshe, amma ga hedikwatar da za ta haɗa ta da ta sauran rassa, ɗanya ce shakaf.

7/ Saura database, wato inda ake tara ɗanyun bayanan a tsare a kwamfuta. "Rumbun bayanai" na fi so a kan "taska", don kullum ana zubawa ana ɗiba, taska kuwa kullewa ake yi. Mai ja ya kawo hujjarsa.